Yadda za ka gane ko ya dace kulob ɗinku ya ɗauki tsohon senta

Duk ƙarshen watan Yuni da zarar an buɗe kasuwar 'yan wasan NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai gardamar nan ta taso tsakanin magoya baya, wani dogo mai buga senta, wato mai tsayawa ƙarƙashin kwando, da ya haura shekara 34 ko 35 kwantiraginsa ya ƙare yana zaune ba kulob, sai ka ji wasu na cewa a ɗauko shi mana ai da tsohuwar zuma ake magani, wasu kuma na cewa haba dan Allah mutumin da gwiwa ta gama aiki me zai tsinana mana. Abin da ke damuna shi ne duka ɓangarorin biyu sunan mutumin suke wa gardama, ba wanda ke tambayar wane aiki za a ba shi. To ga yadda nake ganin ya kamata ka bi maganar kafin ka shiga musu da kowa.

Fara duba ramin da ke kulob ɗinku tukuna. Wasa minti 48 ne, sentan da ke farawa yakan yi talatin da wani abu, saura minti sha biyar ko kusa da haka da dole wani ya riƙe ƙarƙashin kwando shi kuma ya huta. In wannan ne ramin to tsoho zai iya cike shi har ma ya fi yaro. In kuwa mai farawa kuke nema wanda zai ɗauki duka wasa 82 na kaka a kafaɗarsa, gaskiya ka cire rai tun yanzu. Dubi Dwight Howard a 2019, sentan Lakers DeMarcus Cousins ya ji ciwo a gwiwa tun kafin a fara kaka, Lakers suka kira Howard yana da shekara 33 bayan ya zaga kulob-kulob kowa na kuka da halinsa, suka ba shi kwantiragin da ba garanti, suka ce aikinka ka tare kwando ka kwaso ƙwallon da ta dawo ka yi wa abokan wasa shinge, wato ka tare musu mai tsaronsu da jikinka, shi ke nan. Wajen minti 19 yake bugawa. Da suka haɗu da Houston masu wasa da gajeru a fileyof, wato wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, kusan a benci ya ƙare zagayen bai yi ƙorafi ba, da aka zo kan Denver aka ce je ka takura wa sentansu Jokic sai ga shi har cikin masu farawa, kuma suka ɗauki kofin 2020.

Bayan nan sai ka kalli wasansa na kakar da ta wuce, amma don Allah ba guntayen bidiyon da ake yaɗawa a YouTube ba, waɗannan kowa gwani ne a cikinsu. Nemo cikakken wasa, in so samu ne wanda suka buga washegarin wani wasan, ka wuce kai tsaye zuwa kwata na uku, ka daina bin ƙwallo da ido ka zuba masa ido shi kaɗai. Idan ɗan wasan abokan hamayya da ke riƙe da ƙwallo ya kira a yi masa shinge ya nufo shi, duba ƙafafunsa, yana iya ja da baya a hankali yana fuskantar mai ƙwallon kuma hannunsa a sama, ko kuwa sai ya juya ƙugu gaba ɗaya yana bin yaron a baya kamar mai rakiya? Idan nasu suka jefa ba ta shiga ba aka juyo da gudu, yana isowa rabin filinsu kafin a jefa ko kuwa kyamara ma ba ta nuna shi sai bayan an ci? Sannan ka lura da tsalle na biyu, wato ya yi tsalle bai kama ba ya dira, zai iya sake tashi nan take? Wannan tsalle na biyun shi ke fara tafiya, tun maki da sauran alƙaluma ba su nuna komai ba. Mu da muke tashi ƙarfe ɗaya ko biyun dare don kallo wani lokaci bacci kan sa mu kalli maki kawai, shi ya sa na ce ka sake kallon da rana ido biyu.

Sai lissafin da ya fi kowanne sauƙi kuma mutane suka fi tsallakewa, wasa nawa ya buga a kaka uku na baya, kuma ina ne ciwon. Yatsa ko hanci ba komai ba ne. Tafin ƙafa, agara, gwiwa da baya su ne abin tsoro ga mutumin da ya haura mita biyu yana ɗauke da kilo ɗari da ashirin. Boston sun ɗauki Shaquille O'Neal a 2010 yana da shekara 38 a kan mafi ƙarancin albashi, wannan ba laifi, kuskuren shi ne da suka dogara da shi har suka sayar da sentansu Kendrick Perkins a Fabrairun 2011. Wasa 37 kawai Shaq ya buga, agara ta hana shi sakat, a wasannin fileyof sau biyu ya leƙo na 'yan mintuna Miami ta fitar da su, a watan Yuni ya yi ritaya. Pau Gasol ma Portland ta ɗauke shi a 2019 yana da 39 ko wasa ɗaya bai buga musu ba saboda ƙafa. Kai har namu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, wanda ya ci wa Houston kofi a 1994 da 1995, da ya koma Toronto a 2001 yana da shekara 38 kaka ɗaya ya yi, maki bakwai da ɗoriya a wasa, ciwon baya ya sa ya ajiye. In jikin Hakeem bai ɗaga masa ƙafa ba ban ga wanda zai ɗaga wa ba.

Daga nan ka tambayi kanka da me mutumin yake cin abinci a fili. Wanda duk rayuwarsa tsalle ne da ƙarfi shi ke saurin faɗuwa. Wanda ya iya jifa daga nesa, ya iya ba da ƙwallo, ya san inda zai tsaya kafin hari ya iso, wannan yakan daɗe, don tsayi ba ya raguwa kuma hannu ba ya mantuwa. Brook Lopez a shekaru takwas ɗinsa na farko jifan maki uku guda uku kacal ya taɓa ci, ya je ya koya, a kakar 2016-17 ya ci 134. Milwaukee suka same shi a 2018 a kan kuɗin da bai kai dala miliyan huɗu ba, yana tsayawa can waje ya janye sentan abokan hamayya tauraronsu Giannis ya samu hanya, a baya kuma ya tsare kwando, suka ci kofi a 2021, kuma a 2023 yana da shekara 35 shi ya zo na biyu a zaɓen gwarzon mai tsaron baya.

Amma ko ya iya duk wannan sai ka duba da wa zai tsaya. Labarin Al Horford ya ishi kowa. A 2019 Philadelphia suka ba shi shekara huɗu a kan sama da dala miliyan 100 yana da 33, alhali suna da Joel Embiid a gurbin da ya fi iyawa, ga Ben Simmons da ba ya jifa daga nesa, fili ya cushe kowa na taka ƙafar kowa, kaka ɗaya suka tura shi Oklahoma har da haɗawa da damarsu ta zagayen farko a zaɓen sababbin 'yan wasa don a karɓa. A lokacin kowa cewa yake ya ƙare. Mutumin nan dai shi ne ya koma Boston a 2021, suka riƙa hutar da shi idan wasa biyu suka zo a jere, sentansu Porzingis ya ji ciwo a fileyof na 2024 Horford ya shigo yana farawa, ya zura maki uku sau bakwai a wasa na uku da Indiana, ya ɗaga kofi yana da shekara 38. Ya ƙara tsufa da shekara biyar fa amma ya fi amfani, saboda wurin ya dace da shi.

Kuɗi kuwa, kar ka tsaya kan nawa ne a shekara, shekara nawa ne ya fi muhimmanci. New York Knicks sun ba Joakim Noah shekara huɗu dala miliyan 72 a 2016, wasa 53 ya buga musu a kaka biyu, suka sallame shi a 2018 amma kuɗinsa ya ci gaba da cin gurbi a lissafin albashinsu har 2022. Ni a wurina ƙa'idar ita ce shekara ɗaya, in ya matsa ta biyu ta zama zaɓin kulob ba nasa ba. Kuma dokar gasar ma ta sauƙaƙa wannan, tsohon ɗan wasan da ya sa hannu shekara ɗaya a kan mafi ƙarancin albashi, abin da ake lissafa wa kulob daidai yake da na mai shekara biyu a gasar, NBA ce ke cika ragowar. Tun yarjejeniyar 2023 tsakanin NBA da ƙungiyar 'yan wasa da ta tsananta wa masu kashe kuɗi da yawa, kulob ɗin da ya ɗaure kansa da tsoho na shekara uku ya rufe wa kansa ƙofofi da dama.

Akwai wani farashin da ba a rubutawa a takarda, mintunan wa zai cinye. Brooklyn sun kawo DeAndre Jordan a 2019 shekara huɗu, kowa ya san abokin taurarinsu Durant da Kyrie ne, ga Jarrett Allen yaro ɗan 21 yana tasowa a gurbin. Ƙarshenta Allen aka tura Cleveland a Janairun 2021 cikin cinikin da ya kawo James Harden Brooklyn, a 2022 ya shiga wasan taurari, shi kuwa Jordan bai ma ƙarasa kwantiraginsa a Brooklyn ba. In kuna da yaro irin wannan a benci to tsohon da za a kawo dole ya zama wanda ya yarda ya zauna a bayansa.

Masu cewa zai koya wa yara tarbiyya a ɗakin canja kaya ban ƙi tasu ba, Miami sun riƙe Udonis Haslem tsawon shekara 20 kuma sun san abin da suke samu. Sai dai gurbi 15 ne kawai, kuma ni na fi son wanda in an tashe shi zai iya tashi, irin marigayi Dikembe Mutombo a Houston, da sentansu Yao Ming ya karye a ƙafa a Fabrairun 2008 suna kan nasara 12 a jere, dattijon nan ɗan shekara 41 ya shigo yana kaɗa yatsa suka kai ta 22.

In bayan duk wannan har yanzu kana kokwanto, ka goyi bayan a jira. Wajen 10 ga Janairu ne kwantiragi marasa garanti ke zama tabbatattu, don haka ana sallamar wasu kafin ranar, a watan ne kuma ake buɗe kwantiragin kwana goma da za a gwada mutum a gani, sannan duk wanda kulob ɗinsa ya sake shi zuwa 1 ga Maris zai iya buga fileyof da sabon kulob. Zuwa lokacin kun ga yaranku sun buga wasa arba'in ko hamsin, kun san ko ramin na nan ko ya cike da kansa, kuma tsohon da za ku ɗauka wata uku ko huɗu kawai za ku nema daga gwiwarsa.