Yadda Ake Koya wa Ƙaramin Yaro Besbol a Gida

A Amurka, Japan, Kuba da Jamhuriyar Dominika, yara da yawa a tsakar gida suke fara sanin besbol, wato wasan dukan ƙwallo da sanda, da uba ko uwa ko wani yaya. Ƙungiyar besbol ta yara mai suna Little League, wadda aka kafa a Williamsport ta jihar Pennsylvania a 1939, tana karɓar yara tun daga shekara 4. Iyayenmu da ke zaune a waɗannan ƙasashe kan ga ɗansu ya dawo gida yana son wasan, su kuwa ba su taso da shi ba. Abin ba wuya, matuƙar an kiyaye abu guda: kada tsoron ƙwallo ya shiga zuciyar yaron.

Don haka ka ajiye ƙwallon gaske tukuna. Nauyinsa ya kai kusan giram 145, ga tauri, kuma idan ya sami yaro a fuska sau ɗaya, zai daɗe yana kau da kai duk lokacin da aka jefo masa. Ka nemo ƙwallon tanis ko na soso. Safa biyu da aka dunƙule ma sun isa.

Fara da cafewa, hannu biyu, ba tare da safar hannu ba. Ka durƙusa a gabansa, tazarar taku uku, ka gangaro masa ƙwallon a ƙasa. Ya buɗe ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ya rufe kamar bakin kada. In ya saba, sai ka riƙa cilla masa a hankali daga ƙasa, kana auna ƙirjinsa. Ƙa'idar ita ce: ƙwallon da ya zo sama da cibiya, yatsu su kalli sama, wanda ya zo ƙasa da ita, yatsu su kalli ƙasa. A nan ya kamata ka daɗe, domin yaron da ke juya tafin hannunsa sama kullum, ƙwallo kan zame ya doke shi a haɓa. Safar fata ta zo daga baya, a hannun da ba ya jifa da shi, kuma ƙarama daidai hannunsa.

Sai jifa. Ya riƙe ƙwallon da yatsu uku a sama, babban yatsa a ƙasa. Ya juya gefe, kafaɗarsa na kallon inda zai jefa, ya ɗaga gwiwar hannu daidai kafaɗa, ya taka da ƙafar da ke kishiyar hannun jifa. Mai jifa da dama ya taka da hagu. Kusan kowane yaro yana rikita wannan, sai ka zana alama a ƙasa inda ƙafar za ta sauka. Bokiti ko kwali ya zama abin auna.

Duka shi ne abin da yara suka fi ɗoki. Kada ka jefo masa ƙwallo da farko. Ɗora shi a kan turken roba mai tsayi daidai ƙugunsa, ka ba shi sanda mara nauyi, ta roba ko ta soso. Mai amfani da hannun dama ya sa hannun hagu a ƙasa, na dama a samansa, suna haɗe. Ƙafafu a buɗe, ido a kan ƙwallo, ya juya ƙugu ya kai duka. Kafin nan ku duba baya, kada ƙanensa na tsaye kusa. Ka kuma koya masa ajiye sandar a ƙasa bayan duka, ba wurgi da ita ba.

Gudu kuwa da sauƙi. Jera kwalaye huɗu a matsayin zango, ɗaya a inda ya yi duka, ya fara da na hannun damansa ya zaga su, yana taka kowanne har ya dawo inda ya fara, wato gida.

Minti 10 zuwa 15 sun wadatar a rana. Gyara ɗaya kawai za ka yi masa a lokaci guda, ka ce "madalla" idan ya taka da ƙafar da ta dace ko da jifan ya kauce. Da ka ga hankalinsa ya fara tafiya wani wuri, ku tattara kaya tare, ya sha ruwa, gobe ku ci gaba daga gangaro.