Kurakuran da aka fi yi wajen auna tasirin labari a kasuwar Tadawul

Ɗalibanmu masu karatun tattalin arziki a Riyad da Jidda kan so auna yadda labari ke motsa kasuwar hannun jarin Saudiyya, wato Tadawul. Batu ne mai kyau, sai dai kurakurai 'yan kaɗan ne ke ta ɓata aikin.

Wanda ya fi damuna shi ne na ranaku, idan ana auna tasirin labarin Amurka. Tadawul tana ci daga Lahadi zuwa Alhamis, New York kuwa Litinin zuwa Juma'a. Haka kuma ana tashi daga kasuwar Riyad da ƙarfe 3 na rana, kafin Amurka ta buɗe. Saboda haka abin da ya faru a New York ranar Litinin, sai Talata zai bayyana a TASI, babban ma'aunin farashin hannayen jari na Tadawul, na Juma'a kuma sai Lahadi. In ka bar kwamfuta ta daidaita ranakun da kanta, za ta watsar da Juma'a da Lahadi, alhali nan ne nama yake. Ka haɗa kowane labari da zaman kasuwa na farko da ya biyo bayansa. Kada ka manta, kafin ƙarshen Yunin 2013 Asabar zuwa Laraba ake ciniki.

Sai dogaro da GARCH zalla, wato tsarin lissafi na auna tangal-tangal ɗin farashi, wanda Bollerslev ya fito da shi a 1986. Tsarin ba ya bambanta labarin alheri da mummuna, girman girgizar kawai yake gani. Amma a kasuwanni da yawa faɗuwar farashi ta fi hauhawarsa jawo tangal-tangal. Ka gwada EGARCH na Nelson, na 1991, ko GJR na 1993, tsare-tsaren da ke bambanta labarin alheri da mummuna, ka ga ko bambancin ya fito.

Akwai kuma masu ɗaukar kowace sanarwa a matsayin labari. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 kan dala ɗaya, don haka kuɗin ruwan Amurka ya shafi Saudiyya. Amma ƙarin da kowa ya san yana tafe ya riga ya shiga farashi. Abin aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin hasashe da abin da aka sanar.

Game da 2006, shekarar da TASI ya haura maki 20,000 a Fabrairu sannan ya zubar da fiye da rabin darajarsa: in ka cakuɗa ta da shekarun kwanciyar hankali, lissafi zai nuna maka girgiza ba ta gushewa, kuma ba gaskiya ba ne. Ka raba alƙaluman gida biyu, ka auna kowanne daban.