Kurakuran da aka fi yi wajen ɗora Android a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a watan Oktoban 2025, mutane da dama a Bauchi, musamman ɗalibai masu kwamfutar gwanjo, sun shiga neman babbar manhaja mara nauyi wadda za ta farfaɗo da na'urorinsu. Wasu sun koma ga Android-x86, wadda aka fara a 2009 domin Android ta yi aiki a kwamfuta, ko kuma danginta irin su Bliss OS da PrimeOS. Dabarar tana aiki, amma yawancin waɗanda ke komawa wurin masu gyara a kasuwar Wunti da kwamfuta mai baƙin allo gaggawa ce ta kai su.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗora manhajar kai tsaye ba tare da an gwada ta ba. Idan aka zuba fayil ɗin Android da aka sauke a filashi da manhajar Rufus, aka tayar da kwamfutar daga filashin (F9 a HP, F12 a Dell), zaɓi na farko da zai bayyana yana ba mutum damar tafiyar da Android ba tare da ya taɓa hadis (hard disk) ɗinsa ba. A nan ne ya kamata a zauna a duba komai da natsuwa: ko Wi-Fi ya kama, ko sauti yana fita, ko madannai suna amsawa, ko allon yana dawowa bayan an rufe murfin an sake buɗewa. Katin Wi-Fi na Broadcom, wanda ke cikin tsofaffin HP da Dell masu yawa, ya yi ƙaurin suna wajen ƙin aiki. Wanda ya gano haka tun daga filashi bai yi asarar komai ba, domin yana iya canza katin ko ya jona wayarsa da kebul ya ari intanet ɗinta. Wanda ya gano bayan ya goge Windows kuwa, ya rasa tsohuwar, sabuwar kuma ba ta yi masa rana ba.

Na biyu shi ne sauke nau'in da bai dace da na'urar ba. Mutane suna ganin 64-bit ya fi 32-bit girma sai su ɗauka ya fi kyau. Android ta 64-bit tana buƙatar wasu umarni da ake kira SSE4.2, waɗanda babu su a tsohon firosesa na Core 2 Duo, don haka mai irin wannan kwamfuta ya ɗauki 32-bit, ko da Windows ɗin da ke kanta 64-bit ce. Idan tambarin Android ya tsaya yana ta haske ya ƙi wucewa, wannan ne abu na farko da za a zarga. Idan kuwa allon ya yi baƙi ƙirin, matsalar hoto ce, kuma ƙara kalmar nomodeset a layin tayarwa na GRUB, wato jerin zaɓin da ke fitowa idan an kunna kwamfutar, yakan warware ta. A kwamfutocin da suka zo da Windows 8 zuwa sama, a kashe Secure Boot tukuna, wato tsaron da ke hana baƙuwar manhaja tayar da kwamfutar.

Wajen raba hadis ma ana yin ɓarna. Allon ɗorawa ba ya nuna ɓangarorin hadis da sunan C ko D kamar Windows, sai sda1 da sda2, kuma a nan ne ɗalibi yake goge aikin kammala karatunsa da hannunsa. A kwashe fayiloli zuwa wani wuri kafin a fara, a gane ɓangaren da ake nufi ta girmansa, a tsara shi da tsarin ajiyar fayil na ext4, sannan a amsa da e idan an tambayi batun GRUB. Tun da batirin yawancin waɗannan kwamfutoci ya mutu, kada a fara aikin da dogaro ga wutar NEPA kaɗai.

Akwai kuma tsammanin cewa duk abin da waya take yi kwamfutar za ta yi. Manhajoji da yawa an gina su ne domin na'urorin ARM na waya, shi ya sa suke rufewa da zarar an buɗe su, sai an kunna native bridge, mai fassara su ga kwamfutar, a cikin saituna, kuma ko an kunna ba dukansu ke tashi ba. ChromeOS Flex da Google ta fitar a 2022 ba mafita ba ce a nan, domin ba ta ɗaukar manhajojin Play Store.

Batun kuɗi ne ya fi damuna. Fitowar Android-x86 mai lamba 9.0-r2 ta 2020 ce, kuma an daɗe ba a toshe ramukan tsaronta ba. Tana da amfani ga karatun yara, kallon darussa a YouTube da karanta littattafan PDF, amma ban yarda kowa ya sa manhajar bankinsa a kanta ba, ko da manhajar ta amince ta buɗe.