Kurakuran da masu koyon wayarin suka fi yi a jarrabawar aikin hannu

Yawancin masu koyon aikin wutar lantarki suna shiga jarrabawar aikin hannu, ko ta NABTEB (hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci ta Najeriya) ko gwajin sana'a na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da tunanin cewa da zarar ƙwan fitila ya kama sun ci. Mai jarrabawa kuwa hanyar da aka bi yake dubawa tun daga ɗaukar kayan aiki, kuma ƙwai yana iya kamawa a kan wayarin da zai ƙona gida.

Kuskure mafi muni shi ne taɓa waya ba tare da tabbatar da cewa babu wuta a jikinta ba. Da yawa sun saba da aiki idan an ɗauke wuta, alhali ana iya dawo da ita ba sanarwa, ko janareta ko inbata su turo ta ta baya. Gyaran shi ne a kashe bireka (makunnin da ke katse wutar layin), a kulle ta, a gwada na'urar awo a inda aka san akwai wuta, a auna wayoyin da za a taɓa, sannan a sake gwada na'urar. Ƙaramar testa mai kama da sukundireba ba ta wadatar a nan. A ganina, wanda bai mayar da wannan tsari ɗabi'arsa ba bai isa shiga jarrabawa ba, komai saurin hannunsa.

Sai kuma ɗora makunni a kan wayar nutural (wadda wuta ke komawa ta cikinta) maimakon mai ɗauke da wuta, wanda ke barin mazaunin ƙwai da wuta ko an kashe shi. A tsohon tsarin launi ja ce mai wuta, baƙa ce nutural; a sabon tsari ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya ce nutural, wayar ƙasa kuma (ta kariya, mai kai wuta cikin ƙasa idan an samu matsala) kore da rawaya. Kaurin waya ma a kula da shi: murabba'in milimita 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket.

Wasu suna cinye lokacinsu wajen ƙawata bututun da wayoyi ke bi, su rasa na gwaji. Kafin a saki wuta, dole ne a auna cewa kowace waya ta haɗu daga farko zuwa ƙarshe, musamman ta ƙasa, sannan a gwada ƙarfin rufin wayoyi da bolt 500, sakamakon kada ya gaza megohm 1 (ma'aunin yadda rufin ke tare wuta), kuma a rubuta shi. Ya kamata mai koyo ya roƙi maigidansa ya riƙa ba shi na'urorin waɗannan awo yana gwaji da agogo a gabansa tun makonni kafin ranar jarrabawa.