Murfin bayan a-kori-kura yana rage shan mai? Ga yadda za ka gwada a motarka

Duk mai Hilux ko wata a-kori-kura da yake yawan hawa babbar hanya sai wata rana ya yi wannan tambayar, wai in na rufe bodin baya da murfi mota za ta rage shan mai? Masu sayar da murfin dama amsarsu a baki take, eh za ta rage, wani ma har ya ce maka kashi 10 cikin 100 ba tare da ya tambaye ka wace irin mota gare ka ba ko a ina kake tuƙa ta. Ni dai gaskiya abin da zan faɗa maka shi ne ragin in ma akwai shi ɗan mitsitsi ne, a wata motar ma ba za ka gan shi ba kwata-kwata, kuma ba na so ka kashe kuɗinka a kan alƙawarin da motar ba za ta cika ba.

Ka fara fahimtar abin da iska take yi a bayan motarka tukuna. Mutane da yawa suna ɗauka iskar da ta wuce ta saman kan mota faɗowa take yi cikin bodi ta daki ƙofar baya ta riƙe motar kamar an buɗe lema, shi ya sa za ka ga wasu sun sauke ƙofar baya a kan hanya wai don su rage shan mai. Ba haka abin yake ba. In ƙofar baya tana rufe, iskar da ke cikin bodi dunƙulewa take yi ta dinga juyi a wuri ɗaya kamar guguwa a kwance, sai iskar da ke tahowa daga sama ta bi ta kanta ta zame ta wuce. In kana so ka gani da idonka, ka bar busassun ganye ko 'yar leda mara nauyi a bodi, wani ya tuƙa kai kuma ka leƙa ta gilashin baya, za ka ga ganyen ba baya suke gudu ba, gaba suke tahowa ta ƙasa su taru a jikin kan motar, su ɗan tashi sama su sake zagayowa. Kenan bodin da yake buɗe ma ya riga ya yi wa kansa wani irin murfi na iska, wanda za ka saya ɗin gyara kawai zai ƙara a kan abin da dama yake aiki. Shirin talabijin na MythBusters sun gwada maganar sauke ƙofar nan a 2005, motar da aka bar ƙofarta a rufe ita ta fi nisa da adadin mai iri ɗaya. Don haka tun kafin a zo maganar murfi, don Allah ka rufe ƙofar bayanka.

To murfin fa? An gwada shi ba sau ɗaya ba. Ƙungiyar SEMA ta masu ƙera kayan ƙarin motoci a Amurka ta kai motoci ɗakin gwajin iska a 2007, irin ɗakin nan da ake tsayar da mota a hura mata iska da manyan fankoki a auna yadda take tura ta, kuma an ga murfi yana rage turjiyar iska, amma ragin bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A nan ne mutane suke ruɗewa, domin ragin turjiyar iska daban, ragin shan mai daban. Ko a babbar hanya iska kusan rabin abin da inji yake fama da shi ce, sauran yana tafiya a gogar taya da kwalta, da nauyi, da giya, da AC da sauransu. Kaga in turjiya ta ragu da kashi 6, mai ba zai ragu da fiye da 2 zuwa 3 ba, shi ma sai kana tafiya da gudu a miƙe. Mujallar Consumer Reports kuma da suka gwada a kan titi a 2013 da a-kori-kura ƙirar Ram a gudun mil 65 a awa, wato wajen kilomita 105, murfi mai laushi bai rage musu komai ba, shan man ma ɗan ƙaruwa ya yi. Kamfanonin motoci da kansu sun taɓa sa murfi a motocin da suka fitar don tattalin mai, irin Chevrolet Silverado XFE ta 2009 da Ram 1500 HFE ta 2013, sai dai ba murfin kaɗai ba ne. Ita Silverado ɗin an rage mata tsayi, an canza taya, an taɓa giya, an ƙara roba a ƙarƙashin bamba, duk a haɗe abin da aka samu ƙarin tafiyar mil 1 ne a kowane galan na mai.

Yanzu ka ɗauki biro mu yi lissafi. A ce motarka tana shan lita 10 a kilomita 100, kuma a ce ka yi sa'a murfin ya ba ka kashi 2 cikin 100. Lita 0.2 kenan a kowace kilomita 100. In kana cin kilomita 20,000 a shekara duk a babbar hanya, ka tsira da lita 40, wato rabin tankin Hilux mai cin lita 80, a shekara guda cur. Sai ka duba kuɗin murfin a inda kake, ka raba shi da kuɗin lita 40, adadin da ya fito shi ne shekarun da za ka jira kafin ya mayar maka da kuɗinsa. In kuma yawancin zirga-zirgarka cikin gari ne, tsaya-tashi, gosulo, gudun kilomita 30 zuwa 50, to ka cire maganar mai daga lissafi gaba ɗaya, iska ba ta da wani ƙarfi a wannan gudun, nauyi ne yake magana, kuma murfi nauyi yake ƙara maka.

Maganar nauyi ɗin nan ita za ta taimake ka wajen zaɓe. Mai laushi da ake naɗewa kamar tabarma shi ne mafi sauƙi, mutum ɗaya zai ɗaga shi ba wahala. Sai mai tauri na alminiyam da ake ninkewa gida uku ko huɗu, ya fi shi nauyi sosai. Wanda ake ja ya shige cikin akwati a gaban bodi ya ƙara nauyi kuma akwatin yana cin wuri, sannan na faiba guda ɗaya da ake ɗagawa kamar but, wannan sai mutum biyu za su cire shi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta duk ƙarin fam 100, kimanin kilo 45, yana iya ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100. A babbar mota mai nauyi tasirin bai kai na ƙarama ba, amma ka ga dai yadda murfi mai nauyi zai iya cinye wani ɓangare na abin da ya samo maka. Ka nemi wanda yake kwance daidai da bakin bodi, ba mai tudu ba, kuma wanda aka yi shi don ainihin motarka da tsawon bodinta. Ka auna da tef daga bangon gaba zuwa cikin ƙofar baya kafin ka biya, kar ka yarda da "ai duk ɗaya ne".

Wajen ɗaurawa akwai abin da nake so ka kula da shi sosai, tauri. Murfi mai laushi da bai ja ba, kana kai kilomita 90 za ka hango shi ta madubi yana kumbura yana faɗawa, yana faf-faf kamar tuta, wannan kaɗawar kanta turjiya ce, ga ƙara, ga shi zai yage da wuri. Tamfol da aka ɗaure da igiya sama-sama ya fi wannan muni, gara ma bodi a buɗe da shi in dai ba kaya kake karewa ba. Ka wanke bakin bodin, ka manna robar da ke gaba wajen kan mota da kyau saboda ta nan iska da ruwa suke shiga, ka daidaita ƙarafunan gefe biyu kafin ka matse noti, kar ka matse ɗaya ka gama sannan ka koma ɗayan. Bayan tafiyar farko ka sake bi da sifana, suna sassautawa. Kuma robar murfin tana saki in rana ta yi zafi, ta ɗame in an yi sanyi, yawancinsu suna da wurin ƙara tauri, ka riƙa dubawa.

Sai gwajin kansa, wanda shi ne zai raba gardama a taka motar, tunda tsawon kan mota da tsawon bodi suna canza yadda iskar take sauka, abin da ya yi wa mai ƙofa biyu da dogon bodi aiki ba lallai ya yi wa mai ƙofa huɗu da gajeren bodi ba. In za ka iya aron murfi ko ka sami mai irin motarka ku gwada tare kafin ka saya ya fi. Ka zaɓi hanya mai kyau wadda ba cunkoso, ka duba iskar taya da safe kafin mota ta yi zafi, ka bar inji ya ɗumama da tafiyar minti 15 ko 20, sannan ka shiga gidan mai ka cika tanki har famfo ya katse da kansa karon farko, kar ka ce a ƙara ɗan kaɗan. Ka mayar da mitar tafiya sifili. Ka je ka dawo a gudu ɗaya, in motar tana da abin riƙe gudu da kanta ka kunna shi, gilasai a rufe, AC yadda yake a farko haka zai kasance a na biyu, mutanen da ke ciki da kayan da ke ciki kar su canza. Ka dawo famfon da ka sha ɗazu, ka tsaya yadda ka tsaya, ka cika, ka rubuta lita nawa ta sha. Lita sau 100 a raba da kilomita, shi ne shan manka a kilomita 100. Sai ka cire murfin, ka ajiye shi a gida ba a cikin bodi ba, ka maimaita.

Zuwa da dawowa ɗin nan dole ne fa. Iskar gari da ke tahowa ta gabanka da gudun kilomita 10 kacal, in kana tafiya a 100, tana ƙara turjiya da kashi 21 cikin 100, ka ga ta ninka abin da kake nema ka auna sau da yawa, in ka tafi ɓangare ɗaya kawai iskar ranar ka auna ba murfi ba. Haka nisan tafiya. Famfo zai iya katsewa da bambancin rabin lita tsakanin cikawa da cikawa, in kilomita 100 ka yi ka sha lita 10, rabin litar nan kashi 5 ce, ta haɗiye sakamakon gaba ɗaya. In ka yi kilomita 400 sai ta koma kusan kashi 1, nan ne za ka fara ganin wani abu. Shi ya sa wanda ya ce maka "tunda na sa murfi tankina yake ƙara kwana biyu" ba ƙarya yake yi da gangan ba, amma sau da yawa ƙafarsa ce ta yi sanyi a kan totur saboda yana sa ido a kan mai. Ka yi aƙalla sau uku da murfi, sau uku babu, kana sassaɓawa, ka ɗauki matsakaici. In ba ka da lokacin wannan, to ka riƙe ɗan littafi a mota ka rubuta tanki 5 da murfi da tanki 5 babu a hanyar da ka saba bi.

Ta ɓangaren yadda mota take tafiya a babbar hanya kuwa, kar ka sa rai za ta ƙara ƙarfi ko ta fi tashi da sauri, murfi bai taɓa inji ba. Abin da za ka iya ji shi ne ƙarar iska ta ɗan canza, kayan da ke bodi sun daina tashi, ba leda ko kwali ko bokiti da zai fice ya faɗa wa na bayanka, wannan kuwa ni a wurina ya fi maganar mai muhimmanci nesa ba kusa ba. Ga kariya daga ruwan sama da ƙura da idon masu ɗauke-ɗauke. Amma ka tuna nauyin murfin yana cikin lodin da aka ƙayyade wa motar, kuma kaya masu nauyi ko da murfi sai ka ɗaure su, murfi ba zai riƙe janareta ba in ka taka birki da ƙarfi. Mai ninkewa in za ka yi tafiya da shi a buɗe ka ɗaure shi da bel ɗinsa, in a tsaye yake jingine da kan mota ya toshe maka gilashin baya, ka karanta takardarsa ka ga ko an yarda a yi gudu da shi a haka. Kuma ko da wasa kar a sa mutum ko dabba a ƙarƙashin murfi a rufe, zafi da hayaƙin salansa suna kisa.

In dai man ne damuwarka ta gaskiya, babban abin yana ƙarƙashin ƙafarka ta dama. Turjiyar iska tana hawa ne da gudu sau gudu, daga 100 zuwa 120 ta ƙaru da kashi 44 cikin 100, ƙarfin da inji zai fitar don ya keta ta kuma ya ƙaru da kusan kashi 73. Daga 60 zuwa 120 ninki huɗu take yi. Saukowa daga 120 zuwa 100 zai ba ka abin da ba murfin da zai ba ka, kuma kyauta ne. Ka haɗa da iskar taya daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka sauke ƙarafunan ɗora kaya na sama da tsani da jarkoki in ba aikinsu za ka yi ba, manyan tayoyin daji masu ƙurji su ma suna jan mai sosai a kwalta. A ranar da kake gwajin murfin ma ka ƙara zagaye ɗaya a wannan hanyar, komai yadda yake, ka rage gudu da kilomita 15 kawai, ka rubuta litar a ƙarƙashin sauran ka kwatanta.