Auna Damina da Gwangwani: Darasin Kimiyya a Filin Makaranta

Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Daura. Ba mu da ɗakin gwaje-gwaje, don haka filin makaranta muke fita. Malamin da ke son gwadawa, bismillah.

Fara da ruwan sama. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, faɗin baki daidai da na gindi. Babban gwangwanin tumatir ya wadatar. Ɗaure shi a kan turke a sarari. In akwai bishiya ko katanga kusa, nisanta shi da ita aƙalla ninki biyu na tsawonta. Turken kuma ya ɗan yi tsawo, don akuya ba ruwanta da darasi, shanye maka za ta yi. Kowace safiya, lokaci guda, yaro ya tsoma rula a tsaye, ya karanta milimita, ya rubuta a littafi, ya zubar. Duba rular tukuna: yawancinsu sifiri ba daga baki yake farawa ba, sai ka datse rarar. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita. Sa su lissafa na filin ƙwallo gaba ɗaya ka ga yadda suke zare ido.

Ran da ba a yi ruwa ba, a rubuta 0. Gurbin da aka bari fayau ba ya nuna fari aka yi ko mantuwa.

Babban cikas shi ne marka a Agusta take, makaranta na dogon hutu. Tun kafin a tashi, raba kwanaki tsakanin yaran unguwa, ka kuma roƙi Baba maigadi ya sa ido.

Ma'aunin zafi a rataye shi a inuwa, wajen mita 1.5 daga ƙasa, nesa da kwanon rufi. Da hunturu kuwa, zaɓi hasumiyar masallaci mai nisa, kullum su rubuta ko hazo ya bari a hango ta.

Inda nake taka wa yara burki shi ne idan suka ga damina ɗaya ta makara suka ce ai ga sauyin yanayi. Masana da shekara 30 suke kwatanta yanayin wuri. Kafin littafinku ya kai haka, aika su wurin kakanninsu su tambayo farin 1973 da na 1984, da lokacin da ruwan shuka ke sauka a da, da yawan gawo da kuka a gonaki. Su rubuta wannan a shafi dabam, kada ya gauraya da abin da suka auna.

Kowace shekara hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina; ajiye na Katsina, da kaka ku gwada shi da naku. Littafin kuma ya zauna a ofishin shugaban makaranta, don malami ana iya yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango.