Yadda ake rainon sabuwar dabarar sana'a har ta yi ƙwari

Da farko, kama bakinka. Saurayi zai kwana da tunanin busar da albasa ya daka ya ƙulla garinta a leda, tunda farashinta kan faɗi warwas a Marwa ta Kamaru lokacin da ake cire ta. Da la'asar sai ya kai zancen majalisar mai shayi. Wani ya ce, "Wa zai bar ɗanya ya sayi gari?" A kwashe da dariya, shi ke nan an binne dabarar. Baki shi ke yanka wuya.

Rubuta ta a littafi da kwanan wata, ka bar ta ta kwana biyu. In har zuciyarka tana komawa kanta, to nemi mutum ɗaya, kuma a nan aka fi faɗawa rami. Kada ka kai wa aboki, don ko ya zuga ka ko ya yi maka dariya. Hajiyarka kuwa albarka za ta sa maka ko da dabarar ba ta da kai. Je wurin wanda zai yi amfani da abin: mai tuwo-tuwo, mai tsire, mai kilishi. Kada ka tambayi mai tuwo-tuwo ko dabarar ta yi kyau. Miƙa mata ƙulli ka ce, "Inna, zuba wannan a miyar gobe." In ka dawo ta ce ka ƙaro, ka yanka mata kuɗi. Ni a wurina wanda bai zaro sefa daga aljihu ba bai yaba ba.

Gwajin ya zama na kuɗin da in sun salwanta za ka yi barci. Kwano guda ya isa. Ban yarda a ci bashi ko a kwashi adashe don gwaji ba, kuma buga takardar suna mai launi tun yanzu ɓarnar kuɗi ce. Sirrin haɗin, wato ma'auni da yadda kake shanya, kada ya hau WhatsApp.

Ciniki ya kankama, sai ka yi wa sunan kayanka rajista a OAPI, wato hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka, da ke Yawunde. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Chadi da Nijar, na shekara 10, sannan a sabunta. Najeriya ba ta ciki, don haka mai kai kaya Mubi ko Yola sai ya yi tasu daban.